Injin CNC mai aksis biyar: in saya ko in dakata, kuma wace manhajar CAM zan nema?

"Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin wajen aikin ƙarfe a Matori, da injin milin na CNC guda biyu masu aksis uku, da lez guda. Kwanan nan ayyukan da ake kawo mini sun fara fin ƙarfinmu: gidan bawul mai ramuka a karkace, farfelar famfo ta sitenles, da mol na masu roba. Wani aikin sai mun kwance mun sake ɗaurewa sau biyar ko shida, ƙarshe kuma ramukan su ƙi haɗuwa. Yanzu an yi mini tayin injin aksis biyar tokumbo daga Turai. In saya? Kuma wace manhajar CAM ce ta dace?" Makaranci daga Agege.

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da kake son sani shi ne ko injin CNC ɗin, wato mai yanka ƙarfe bisa umarnin kwamfuta, zai kawar maka da wahalar kwance-ɗaure, da kuma manhajar CAM da za ta tuƙa shi, wato wadda ke tsara hanyar da bakin yanka zai bi. Amma akwai wata tambayar da ke gaban waɗannan biyun: a cikin ayyukan da ka lissafa, wanne ne yake buƙatar aksis biyar su motsa a lokaci guda, wanne ne kuma juya shi kawai ake so a yi a kulle a yanka? Amsar wannan ita ce ke yanke irin injin, irin kwantirola (kwamfutar da ke jikin injin), da kuɗin manhaja, kuma tazarar kuɗin da ke tsakanin amsoshin biyu ba ƙarama ba ce.

Aksis uku ka san su, X da Y da Z, wato motsin hagu da dama, gaba da baya, sama da ƙasa. Sauran biyun na juyi ne: A yana kewaya X, B yana kewaya Y, C yana kewaya Z, kuma kowane inji biyu yake ɗauka a cikin ukun. Wani injin teburinsa ne ke lilo yana kuma juyawa, wani kansa ne ke karkata, wani kuma an raba, kai na karkata tebur na juyi. Ga ƙanana da matsakaitan ayyuka irin naka, mai teburin lilo shi ne aka fi samu, kamar Haas UMC-750 ko DMU 50 na DMG Mori. Aibinsa shi ne aikin kansa ake lilawa, don haka nauyin da tebur zai ɗauka yana da iyaka, kuma da zarar tebur ya karkata, filin da ka gani a katalog yakan ragu sosai.

Hanyar aiki iri biyu ce. Ta farko ita ce 3+2: a juya tebur zuwa kusurwar da ake so, birki ya kama, a yi yankan aksis uku da ka saba, sannan a janye a juya zuwa wata fuskar. Ta biyu ita ce ta tare, inda duk biyar ɗin ke tafiya baki yana cikin ƙarfe. Gidan bawul ɗinka aikin 3+2 ne tsantsa. Yawancin mol ma haka. Farfela ce a jerinka ta fi neman tafiyar tare, ita ma ba kowacce ba.

Dalilin da ya sa ramukanka ba sa haɗuwa

Duk lokacin da aka kwance aiki aka sake ɗaure shi, ana sake nemo sifili, wato wurin da inji ke fara awo daga shi, kuma kowane nema yana zuwa da nasa kuskuren. Ko ma'aikacinka gwani ne, milimita 0.02 ko 0.03 kan shiga, daga ɓarɓashi guda da ya maƙale a ƙarƙashin aiki, ko bayis, maƙalar da ke riƙe aiki, da ya ɗan ɗaga shi wajen matsewa. Ɗauri shida, kuskure shida, kuma ba lallai su soke juna ba. Na kusurwa ya fi muni. Karkatar digiri 0.01, wadda ido ba zai taɓa gani ba, tana zama milimita 0.035 a nisan milimita 200. A injin aksis biyar fuska biyar ake yi da ɗauri guda daga sifili guda, sai ta shida da ɗauri na biyu. A nan ribar take, kuma 3+2 kaɗai ya isa ya ba ka ita.

Riba ta biyu ita ce gajeren baki. Lanƙwasar bakin yanka tana ƙaruwa da tsawonsa ninki uku a kan juna: idan ka ninka tsawon da ya fito daga holda (mariƙin baki) sau biyu, lanƙwasa ta ninku sau takwas. Shi ya sa zurfin mol ke sa injinka ƙugi, bango ya fito da zane-zane. Idan aka karkata aikin, holda takan kauce wa bango, sai bakin da ya fito milimita 40 ya kai inda a da sai na milimita 90. Amma holdar ma sai an sake ta. Goron holdar ER yana da kauri, shi ne yakan fara gogar aiki ko bayis. Siririyar holda mai kama baki da zafi ita ta dace da lunguna, kuma rawar bakinta ba ta cika wuce milimita 0.005 ba. Haka ɗauri: bayis na milin ɗin da ka saba da shi yana rufe rabin aikin. Ana amfani da ƙaramin bayis mai tsaida aiki a tsakiya, a kan ginshiƙin da ya ɗaga shi daga tebur, ya kama milimita 3 zuwa 5 na gindin ƙarfen kawai. Ka sa kuɗin waɗannan a lissafi tun yanzu, don ba sa zuwa da tokumbo sai in an yi dace.

Farfela da mol

Farfela buɗaɗɗiya, wadda kake ganin fukafukanta, ana sassaƙa ta daga dunƙulen ƙarfe. Rufaffiya mai murfi a kan fukafukai wani zance ne daban. Hanyoyin ruwanta sukan lanƙwasa har baki ya kasa kaiwa tsakiya ko an shigo ta ciki da waje, shi ya sa galibi zuba ta ake yi. Injin aksis biyar ba lallai ne ya warware maka wannan ba, kada ka dogara da maganar mai sayarwa.

A buɗaɗɗiyar ma sai an duba yadda aka zana fiffiken. Idan fuskarsa ta ginu ne da miƙaƙƙun layuka daga gindi zuwa sama, ana kwantar da gefen baki mai tsini a jikinsa a share shi a wucewa ɗaya ko biyu. Idan kuwa fuskar ta murɗe ta kowane ɓangare, sai dai a bi ta layi-layi da baki mai kan ƙwallo, kuma lokacin aiki ya ninku. A Legas kuma sau da yawa ba zane ake kawowa ba, tsohuwar farfelar da ruwa ya cinye ake ajiye maka a kan benci a ce a yi irinta. Idan aka yi mata sikanin aka tura wa CAM kai tsaye, lalacewar aka kwafa. Dole wani ya zauna ya sake gina fiffike guda mai tsabta a CAD, wato manhajar zane, ya maimaita shi a kewaye, ya fitar da fayil na STEP. Bayan yanka kuma akwai balansin, wanda mai famfo zai iya neman matakin G6.3, masu harkar mai su nemi G2.5 da ya fi tsauri. Wannan ba aikin injin milin ba ne, sai ka san inda za ka kai.

Game da baki mai kan ƙwallo, tsakiyar kansa ba ta yanka, don gudunta sifili ne komai saurin sifindil, sandar da ke juya baki; murza ƙarfe kawai take yi. A sitenles 316 wannan murzar tana taurara fatar ƙarfen, layi na gaba ya tarar da abin da ya fi na baya tauri. Karkata bakin da digiri 10 zuwa 15 yana mai da yankan gefen ƙwallon inda haƙora ke aiki. Tudun da ke saura tsakanin layi da layi kuma lissafinsa a fili yake: tazarar layi sau kanta, a raba da takwas sau rabin faɗin baki. Bakin milimita 10 da tazarar 0.3 yana barin kimanin 0.002, da tazarar 0.5 yana barin 0.006. Ga mol da za a goge da hannu daga baya, wannan bambancin awoyi ne na mai gugar. Gudun farawa a 316 da bakin kabayid na milimita 10 mai haƙora huɗu: mita 100 a minti, wato juyi kusan 3,200, da 0.04 ga kowane haƙori, wato tafiyar milimita 510 a minti. Mafari ne kawai wannan. Takardar kamfanin da ya ƙera bakin ita ce gaba da maganata, kuma da baki ya yi tsawo sai an sassauta.

Kafin ka biya kuɗin tokumbo

Shekarar inji da kyan fentinsa ba su ne abin dubawa na farko ba. Kwantirola ne, da abubuwan da aka buɗe a cikinsa. Akwai aiki biyu da in babu su za ka sha wuya. Na farko shi ne karkata filin aiki, wanda ke sa sifilinka ya bi aikin duk inda tebur ya juya; kowane kamfanin kwantirola da sunan da yake ba shi: G68.2 a Fanuc, CYCLE800 a Siemens, PLANE a Heidenhain, G254 a Haas. Na biyu shi ne bin tsinin baki lokacin tafiyar tare: G43.4 a Fanuc, TRAORI a Siemens, M128 a Heidenhain, G234 a Haas. A kwantiroloji da dama waɗannan saye ake yi daban, kuma injin da ke da aksis biyar a jiki yana iya zuwa babu su. Idan babu, furogiram ɗinka ya ɗauru da tsakiyar juyin tebur: sai an ajiye aikin daidai inda yake a kwamfuta, in ya goce da rabin milimita a koma a sake fitar da furogiram. Ana iya aiki haka, an daɗe ana yi, amma ba zan ba mai farawa shawarar ya sayi wannan wahalar da kuɗinsa ba. Ka sa a ɗauko maka hoton shafin da ke nuna abubuwan da aka buɗe, da awoyin sifindil, da bidiyon injin yana tafiyar tare.

Sai batun takardu. Injinan aksis biyar suna cikin kayan da ƙasashe ke sa wa ido wajen fitarwa, saboda ana iya aikin makamai da su. Daga Jamus ko Japan mai yiwuwa sai da lasisin fitarwa da bayanin wanda zai yi amfani da shi. Wasu injinan, musamman ƙirar Japan, suna da na'urar da ke gane an ɗaga su daga inda aka girke su, sai su kulle har kamfanin ya ba da lambar buɗewa. Ka sa mai sayarwa ya tabbatar maka da wannan a rubuce kafin a buɗe Form M, takardar shigo da kaya ta banki, ba bayan kwantena ta sauka a Apapa ko Tin Can kuɗin ajiya yana hawa ba. Ka kuma sa a kwafe duk saitin kwantirola a filashi, a sa sababbin batura kafin a rufe akwati. Injin da ya yi watanni a teku da tashar jiragen ruwa baturansa kan mutu, ya manta sifilin aksis ɗinsa.

Akwai hanya ta tsakiya da ya kamata ka auna. Idan kwantirolan ɗaya daga cikin injinanka yana karɓar aksis na huɗu da na biyar, ana ɗora masa ƙaramin teburin lilo, irin TR160 na Haas ko makamancinsa. Yana cinye tsayin Z, kuma ƙananan ayyuka kawai zai ɗauka, amma idan bawul ɗinka ba su wuce tafin hannu biyu ba, zai koya wa yaranka 3+2 a kan injin da suka riga suka sani.

Manhaja, da abin da ya fi sunanta muhimmanci

Autodesk Fusion ita ce mai sauƙin kuɗin shiga, biyan shekara-shekara, tana yin 3+2, amma yawancin hanyoyin tafiyar tare sai an ƙara kuɗin wani ɓangare. Mastercam ta yaɗu, ya fi sauƙi ka sami wanda ya taɓa ta. SolidCAM tana zama a cikin SolidWorks, in da shi kuke zane. PowerMill, wadda Autodesk ta samu da sayen Delcam a 2014, ta yi suna a mol. hyperMILL ta kamfanin OPEN MIND na Jamus da NX ta Siemens suna da sashe na musamman don farfela, inda za ka nuna fiffike da gindi su tsara hanyar. Ga wanda bawul da mol ne abincinsa, farfela jefi-jefi, ni da ƙaramar zan fara. Sayen sashen farfela saboda aiki biyu a shekara asara ce. Gara ka biya wani ya rubuta maka furogiram ɗin waɗannan biyun.

Abin da ke fasa inji ba sunan manhaja ba ne, fos-furosesa ne, wanda masu aiki ke ce wa fos. CAM tana lissafa inda tsinin baki yake da inda ya fuskanta, shi ke nan. Fos shi ne tafintan da ke mai da wannan zuwa yaren injinka, kuma dole ya san wane aksis ke ɗauke da wane, ina ne hagu ina ne dama, ina iyakar kowanne. A teburin lilo, kusan kowace kusurwa ana kai mata ta hanya biyu: a lila gaba, ko a lila baya a juya C digiri 180. Galibi lilon ya fi nisa ta ɓangare guda. Fos mara kyau yakan zaɓi hanyar da za ta ƙure a tsakiyar yanka, sai inji ya tsaya da ƙararrawa, ko ya juya tebur baki yana cikin aiki. Dole kuma ya janye Z can sama kafin kowane juyi, don kusurwar aikin da ke nesa da baki a yanzu ita ce za ta zo ta inda yake idan tebur ya lila.

Akwai kuma wata matsala da ke bayyana idan baki ya zo daf da miƙewa a kan aksis C, wato lilo ya kusa sifili. A nan ɗan canjin fuskanta kaɗan yakan tilasta wa C ya yi wani wawan juyi cikin ƙiftawar ido, ya bar tabo a jikin aiki. Maganinta a CAM yake: a hana karkatar baki sauka ƙasa da 'yan digiri, ko a ɗaure aikin a ɗan karkace tun farko. Yawan ɗigon da CAM ke rarraba hanyar baki a kai ma yana da tasa matsalar. A tafiyar milimita 3,000 a minti, ɗigo kowane milimita 0.1 yana nufin layin furogiram 500 a daƙiƙa. Tsohon kwantirola ba zai iya haɗiye wannan ba, sai ya riƙa tafiya yana tsayawa, fuskar aiki ta nuna. Tura furogiram ta wayar RS-232 yana cikin yanka kuwa a manta da shi.

Saboda haka kwafin sata na manhaja, wanda ya cika gari, ya fi tsada a aksis biyar. Babu wanda zai gyara maka fos, babu hoton injinka na gwaji. Gwajin da CAM ke nunawa kuma sau da yawa hanyar da ta lissafa ne, ba lambobin da fos ya fitar ba, kuma a tsakanin nan haɗarin yake. Manhaja irin Vericut lambobin G ɗin kansu, wato waɗanda fos ya fitar, take karantawa. In kuɗinta ya yi yawa, aƙalla a sa cikakken hoton inji, bayis da holda a gwajin CAM, sannan a fara gudanar da sabon furogiram a iska, layi-layi, hannu a kan makunnin rage gudu.

Zafi, laima da wuta

Duk abin da na faɗa ya dogara da cewa kwantirola ya san ainihin inda tsakiyar juyin tebur take. Idan lambar da ke cikinsa ta goce da 0.02, ramuka biyu da aka huda daga fuskoki masu kallon juna za su saɓa da 0.04, ka koma gidan jiya da inji mai tsada. Ana gyara wannan da furob, na'urar awo mai taɓa aiki, da ƙwallon awo da ake kafawa a tebur: KinematicsOpt a Heidenhain, CYCLE996 a Siemens, ko AxiSet na Renishaw don dubawa. Ana yi bayan girkawa, bayan kowane karo komai ƙanƙantarsa, da kuma kafin aiki mai tsananin awo. Inji babu furob, a wurina, bai cika ba.

Awon zane a kan digiri 20 aka gina shi, shagonka kuwa da rana yakan haura 30. Ƙarfe yana miƙewa kimanin milimita 0.012 a kowace mita ga kowane digiri, alminiyam 0.023. Alminiyam mai tsawon milimita 300 da ka auna a digiri 32 zai ragu da kusan 0.08 a ɗakin awon kwastoma mai esi. Jikin injin ma yana motsi tsakanin safe da azahar. Ka ware masa ɗaki, ka sa esi, ba don sanyi ba, don zafin ya tsaya wuri guda. A ɗumama sifindil da aksis minti 15 zuwa 20 kafin awo ko finishin. Iskar kwamfuresa kuma sai ta bi ta na'urar busarwa, bar 6 zuwa 7, domin laimar Legas ruwa take tarawa a bututu, kuma iskar nan ce ke shiga sifindil da ma'aunan gilas na aksis. Ruwan sanyaya a riƙe shi tsakanin kashi 6 da 10 cikin ɗari da rifiraktomita, ma'aunin ƙarfin haɗin, a kuma gwada ruwan burtsatsen kafin a haɗa, don mai gishiri tsatsa yake sa wa tebur.

Wutarmu fes uku ce, volt 415, hez 50. Ka duba farantin injin ko yana buƙatar taransfoma. Ko kana Band A, wanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, ɗaukewa guda a tsakiyar finishin na awa tara ta isa ta karya baki ta ɓata fiffike. Dogon aiki a fara shi a kan janareta tun daga farko, kada a sauya layi baki yana cikin ƙarfe. Janaretan ya fi abin da farantin ya nema da rata mai kyau, don tashi da birkin sifindil suna fizgar wuta. A sa sitabilaiza, a kafa wa injin atin nasa, wato wayar ƙasa, a kuma tabbatar jerin fes na janareta da na NEPA iri ɗaya ne, in ba haka ba famfon ruwan sanyaya da na haidurolik za su juya da baya.

Ban ga zanen ayyukanka ba, don haka ba zan ce maka wannan injin da aka yi maka tayi shi ne ba. Abin da za ka yi shi ne ka ɗauki gidan bawul ɗin da ya fi ba ku wahala, ka tura fayil ɗinsa, ka ce a yanka shi a kan injin, da manhajar da fos ɗin da za a ba ka, kafin ka biya cikon kuɗi. A haɗa da ɗan gwaji mai sauƙi: dunƙulen alminiyam, a share fuska huɗu da saman da 3+2, a huda rami daga gefe biyu su haɗu a tsakiya, a zura sandar awo. In ta wuce salin-alin, tsakiyar juyi tana daidai. In ta cije a mahaɗa, a sake awon ƙwallo a maimaita. In ta sake cijewa, akwai sako-sako a giyar tebur ko birkinsa, kuma kuɗin gyaran a wuyan mai sayarwa ya kamata ya hau tun injin yana can.